Kada A Tafasa

Shekara goma sha tara Anti ta yi a kan teburi guda, na jikin taga, a ɗakin gwaje-gwajen da ke hawa na biyu. Kujerarta irin mai juyawar nan ce, fatarta ta tsage an ɗaure da salatif, tsayinta kuwa ta saita shi daidai gwiwarta tun shekarar da ta haifi autarta. Ba mai zama a kai. Farfesa kansa, shugaban sashen, in ya shigo bai same ta ba, tsayuwa yake yi ya jira. Ba ta da digirin da ake sa wa gilashi a rataye a bango, 'yar takardar koyon aikin gwaji kawai gare ta, amma ƙwayoyin halittar da ake kiwo cikin kwalabe ba sa ƙiba a hannun kowa sai nata. Ɗalibai nawa ta koya wa riƙon bututun awo, suka zama daktoci suka tafi. Wasunsu yanzu in sun hango ta a titi sai wayarsu ta tashi da wani muhimmin saƙo.

Ana nan sai aka kawo Dakta.

Ya zo da takalmi mai ƙara, da farar rigar aiki wadda aka ɗinka sunansa a ƙirji da shuɗin zare, wataƙila don kada ya manta. Bai cika kwana uku ba mai gadin ƙofa ya raɗa masa suna A-Can, don ba ya buɗe baki sai da ita. A can inda ya yi karatu, firji ba ya irin wannan kukan. A can, ƙofa da kanta take buɗewa. A can, ko ruwan famfo ya fi wannan zama ruwa. Anti ta dube shi sama da ƙasa a ranar farko, ta ga yadda yake riƙe kwalba da yatsu biyu kamar an miƙa masa jaririn maƙwabta, ta taɓe baki ta ci gaba da aikinta.

Aikin da Farfesa ya haɗa su a kai na ƙwayar cutar korona ne, amma ba ita ƙwayar kanta ba, wannan ba ta taɓa shiga ɗakin ba. Furotin ɗaya ake so daga jikinta, wanda ke zaune cikin tantanin da ya lulluɓe ta, 'yan ɗakin suna ce masa Em. Ana dasa umarnin ƙera shi cikin ƙwayoyin halittar da Anti ke kiwo, su yi ta ƙerawa, a fasa su a tace. Burin Farfesa a tara shi da yawa, a ga yadda yake harhaɗa sassan ƙwayar cutar, ko a dace da maganin da zai ɗaure masa hannu. Amma kafin komai sai an nuna cewa furotin ɗin yana nan. Yadda ake nunawa kuwa, a ɗiga samfuri a bakin wani faifai mai taushi da ake kira jel, lantarki ya ja furotin zuwa ƙasa, kowane ya tsaya a matsayinsa, sannan a ɗauki hoto. In Em yana nan, baƙin layi zai fito a tsakiyar hoton. In babu, sai ka ga fari fat.

Kowane littafin koyon aiki cewa yake a tafasa samfuri minti biyar kafin a ɗiga, don zafi ya warware furotin ya wuce sumul. Gaskiya ne, ga yawancinsu. Amma Em na da nasa halin. Shi da ya ji zafi sai ya dunƙule kamar dafaffen ƙwai, ya maƙale a bakin jel, ko me aka yi masa ba ya sauka. Anti ta san wannan tun shekara huɗu da suka wuce, lokacin da aka taɓa gwada aikin aka bari. Mako uku ta yi tana dukan iska kafin ta gano, ta rubuta a koren littafinta da jan biro, ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Farfesa bai taɓa buɗe littafin ba. Shi ba ya karanta takardar da babu sunansa a samanta.

Ranar da samfurin farko ya kammala, Dakta ya jera ƙananan bututu takwas, ya kunna tukunyar ruwan zafi, ya tsaya yana duban agogon hannunsa. Ɗalibai uku na tsaye a bayansa da littattafai.

"Dakta," in ji Anti daga kujerarta, "shi wannan samfurin ba a…"

"Madam." Bai ko juyo ba. "A can, ma'aikacin gwaji ba ya magana sai an tambaye shi. Na tambaye ki?"

Ɗaya daga cikin ɗaliban ta sunkuyar da kai, wani ya yi tarin ƙarya. Anti ta ji maganar ta shige ta har tafin ƙafa. Shekara goma sha tara ba wanda ya taɓa ce mata Madam a ɗakin nan, balle ya datse mata numfashi a gaban yaran da ta koya wa sa safar hannu. Ta haɗiye sauran maganar, ta gyara zama.

"A'a, Dakta, ba ka tambaye ni ba. Allah ya ba da sa'a."

Ya tsoma bututun takwas cikin tafasasshen ruwa. Ta zauna tana kallon tururi, zuciyarta na faɗin, to, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Washegari hoto ya fito fari, ba layi, sai wani dunƙulen baƙi a can sama da Dakta ya ce datti ne.

Daga nan aka shiga wasan da Anti ta fi jin daɗinsa a duk shekarunta na aiki. Dakta ya ce ƙwayoyin halittar sun tsufa, aka farfaɗo da sababbi daga cikin sanyi, hoto fari. Ya ce ruwan haɗi ne, ya zubar da nata duka ya haɗa nasa yana karanta takarda da ƙarfi, hoto fari. Ya ce lantarkin garin nan ba shi da tarbiyya, aka kawo na'urar daidaita wuta, hoto fari. Ya sauya jel, ya sauya safar hannu, ya sa aka matsar da firji daga bango. Har tagar Anti ya sa aka rufe da labule, wai rana tana shigowa da yawa. Abu ɗaya ne bai taɓa zargi ba, tukunyarsa. Kullum ƙarfe goma sha ɗaya zai kunna ta, ya ɗaga hannu ya dubi agogo, ya ƙirga minti biyar cif da fuskar mai yi wa duniya alheri. Wata rana ma ya ƙara zuwa goma, wai ko biyar ba ta isa ba. Ranar sai da Anti ta fita baranda, don dariya ta kusa kashe ta.

Ita kuwa ba ta rage komai a nata aikin ba. Ƙwayoyin suna cike da Em, ta sani kamar yadda ta san yunwar cikinta. Kowace safiya takan miƙa masa samfuri mai kyau da hannu biyu, ta koma kujerarta ta zuba ido ya dafa shi.

Wata Asabar da hantsi tana zaune a shagon maigidanta, wanda ke manne da ƙofar gidansu, tana cire masa ragowar zare daga wata riga. Tela ne, shekara talatin yana taka keke, kuma shi kaɗai take ba labarin ɗakin gwaji. Ta kwashe komai ta faɗa masa, har da kwaikwayon yadda Dakta ke ɗaga hannu ya dubi agogo. Ya yi dariya har ya dakatar da keken.

"To wai shi wannan Em ɗin da kuke ta wahala a kansa, mene ne aikinsa?"

"Abokin sana'arka ne, Malam. Ita ƙwayar cutar in ta shiga jikin mutum, sassanta a warwatse ake ƙera su, ga ƙahonni can, ga kayan ciki can, ga tantani shimfiɗe kamar yadi. Em ne yake lanƙwasa yadin, ya jawo wannan, ya kamo wancan, ya haɗa baki ya ɗinke. In babu shi, sai dai tarin ƙyalle. Ba riga."

"Ashe tela ne. Shi ya sa ba ya son a matsa masa." Ya lashi bakin zare ya zura a allura. "Amma ke, Hajiya, yau mako nawa ke nan?"

"Uku."

"Uku kina kallon mutum yana yanka yadi a karkace."

"Ai bai tambaye ni ba."

"Yadin nasa ne?"

Ta ci gaba da tsinke zare.

"Ni dai a shagon nan," in ji shi, "in aka ɓata yadin mutane, ba a tambayar wa ya riƙe almakashi. Cewa ake shagon wane ya ɓata. In za ki gina ramin mugunta, gina shi gajere."

"Wace mugunta? Ni na ce ya tafasa? Mutumin da ya tsallaka teku bakwai ya sha karatu, ni ce zan koya masa dafa ruwa? Malam, kai dai ɗinka rigarka."

Ya ɗaga kafaɗa ya taka kekensa. Ta san maganarsa da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ma ta ji haushinta.

A mako na huɗu takalmin Dakta ya rage ƙara. Ya daina zancen firjin can. Rigar mai shuɗin suna ta fara yamutsewa a gwiwar hannu. Wata Laraba bayan ɗalibai sun fita cin abincin rana, ya zo ya tsaya a gefen teburinta, yana jujjuya murfin biro.

"Madam," ya ce a hankali, "kin daɗe a ɗakin nan. Ko akwai wani abu da kika lura ina yi wanda… wanda bai dace ba?"

Ga ta nan, tambayar da ta yi mako huɗu tana jira. Amsar tana kan harshenta, kalma uku ce kacal. Ta dube shi, ta ga gumi a goshinsa, ta ga kuma ya zaɓi lokacin da ba kowa. Wato wulaƙanci a gaban jama'a, neman taimako a ɓoye. Kuma har yanzu Madam.

"Ni wa, Dakta? Ai komai bisa ƙa'ida kake yi. Yadda ake yi a can."

Ya gyaɗa kai, ya ce ya gode, ya koma. Ta bi bayansa da harara. Daɗin da ta ji a ranar bai kai na sauran ranakun ba, amma ta ce wa kanta gajiya ce.

Farfesa ya dawo a mako na shida. Shi mutum ne da ya fi sanin kujerun jirgin sama a kan na sashensa, daga wannan taro zuwa wancan, yana ba da labarin binciken da bai san inda aka kwana a kansa ba. Ya kira su biyun ofishinsa. A kan teburinsa akwai rahoto mai shafi tara da Dakta ya rubuta, da jadawali kala-kala. Anti ta hango kanun shafi na ƙarshe a juye: matsalar tana wajen kiwon ƙwayoyin halitta da tace samfuri. Wato hannunta.

"Anti," in ji Farfesa, yana goge tabarau, "ni ban ce kin gaza ba. Amma zamani yana tafiya, hannu kuma yana tsufa. Ranar Alhamis ta sama kwamitin bincike zai zo ganin inda muka kai. Dakta ya kawar da duk wani zargi daga ɓangarensa, ga shi a rubuce. In zuwa Laraba ban ga layi a hoto ba, zan mayar da ke ɗakin wankin kwalabe, Dakta ya kawo wanda zai iya aiki da shi a teburin nan."

"Teburina, ranka ya daɗe?"

"Teburin sashe, Anti."

Ta fito daga ofishin. Duk makonnin nan ta ɗauka ramin na Dakta ne, ashe tsayinta aka auna. Ɗakin wankin kwalabe yana ƙasan bene, ba taga sai wata 'yar kafa da ake miƙo kaya, can ake kai sababbin ma'aikata da waɗanda aka gaji da ganinsu. Tsoro ya kama ta, na gaske, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka ɗauke ta aiki. Bayan tsoron kuma fushi ya biyo, ya fi shi ƙarfi. Hannunta ne ya tsufa? To za su gani.

Ranar Litinin ta raba samfuri ɗaya gida biyu. Rabi ta miƙa wa Dakta da hannu biyu kamar kullum, ya tafasa abinsa. Rabin ta ajiye a kan teburinta, a ɗumin ɗaki, minti ashirin. Da ya fita amsa waya, ta ɗiga nata a layin da ke kusa da nasa. Talata da rana ita ta wanke hoton. Ta ɗaga shi a hasken taga, bayan ta yaye labulen da aka sa mata. Layin Dakta fari, sai wani dunƙulen baƙi a can sama, a bakin jel, inda ya yi mako shida yana cewa datti ne. Kusa da shi kuwa, a tsakiya, baƙin layi mai kauri kamar an ja da gawayi. Ta sa hoton a ambulan, ta sa a jaka, ta tafi gida tana 'yar waƙa.

Laraba aka taru a ɗakin taro, Farfesa a kan teburi, malamai biyu na sashen, ɗalibai a baya. Dakta ya tashi ya yi minti ashirin yana bayanin dalilan da suka sa babu komai. Da ya zauna, Anti ta miƙe, ta zaro hoton, ta ajiye a gaban Farfesa.

"Samfuri ɗaya ne, ranka ya daɗe, daga kwalba ɗaya, hannu ɗaya ya tace. Na hagu an tafasa. Na dama ba a tafasa ba. Wancan dunƙulen na sama ba datti ba ne, Em ne ya dahu."

Farfesa ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa. Ɗaya daga cikin malaman ya ce, "Kai!" Dakta ya miƙa wuya ya duba, fuskarsa ta yi kamar an watsa mata toka. Anti ta tsaya hannu a ƙugu. Da ta zauna a nan, da ta tsira da teburinta, da kujerarta, da tagarta, har da ƙarin girma. Amma Dakta ya yi gyaran murya.

"Abin sha'awa," ya ce. "A gaskiya na fara zargin zafin tun makon jiya. A can ma akwai wani da ya taɓa ambata…"

A can. Nan Anti ta rasa linzaminta. Ta buɗe jaka ta fiddo koren littafin, ta buɗe shafin da ta riga ta naɗe kusurwarsa, ta dangwara shi a kan hoton.

"Makon jiya? Ranka ya daɗe, a duba kwanan wata. Shekara huɗu ke nan da na rubuta wannan, a nan, ba a can ba. Ga shi da jan biro. Kada a tafasa. Lokacin wasu suna can suna koyon buɗe ƙofar da ke buɗe kanta."

Ɗalibai suka ƙyalƙyale, suka toshe baki. Farfesa bai yi dariya ba. A karo na farko a rayuwarsa ya karanta littafin Anti, ya bi layin da yatsa, ya tsaya a kan kwanan watan. Sannan ya ɗago a hankali.

"Wato kin sani tun ranar farko."

Sai a lokacin ta ji abin da bakinta ya aikata.

"Na buɗe baki zan faɗa, ranka ya daɗe, ya ce bai tambaye ni ba. A gaban yaran nan. Su shaida ne."

"Haka ne, Dakta?"

Dakta ya sunkuyar da kai. "Haka ne. Na yi kuskure a nan." Sannan ya ƙara, ba tare da ya dube ta ba, "Amma daga baya na tambaye ta. Ranar Laraba, mako uku da suka wuce. Ta ce komai bisa ƙa'ida nake yi."

Mutumin da bai taɓa faɗin magana ba tare da ya yi mata ado ba, yau ya faɗi gaskiya tsirara, kuma ita ce ta fi duk ƙaryarsa ciwo. Farfesa ya juyo gare ta.

"Mako shida," in ji Farfesa. "Kwalba nawa ta ƙwayoyin halitta aka fasa aka zubar? Yaran nan uku aikin digirinsu a kan wannan yake, suna zaune suna jira. Gobe kwamiti zai zo, da yanzu muna nuna musu yadda Em ke harhaɗa sassa, ga shi sai layi ɗaya za mu nuna. Wanda bai sani ba, ana koya masa. Wanda ya sani ya naɗe hannu, me zan yi da shi?"

Maganar ta yi kyau a baki, har ma ta yi kama da adalci. Amma kowa a ɗakin ya san lissafin Farfesa. Gobe yana bukatar mai digirin can ya tsaya gaban kwamiti da farar riga. Ba zai taɓa Dakta ba ko da ya tafasa firji. Shi kansa da ya buɗe koren littafin sau ɗaya cikin shekara huɗu, da ba a zo nan ba, amma wannan ba ta cikin abin da za a tattauna. Cikin mutum uku masu laifi, ya duba ya ga wadda ta fi sauƙin ɗagawa.

"Daga Litinin, ɗakin wanki. Littafin kuma ki bar shi a nan, kayan sashe ne."

Da ta isa gida ta faɗa wa Tela a tsaye a ƙofar shago. Ta shirya jin "ai na faɗa miki", har ta tanadi amsa. Bai ce ba. Ya ɗauke tarin yadi daga kan benci, ya ce, "Zauna, Hajiya, ki huta." Wannan ya fi zagi zafi, ta zauna ta yi kuka irin wanda ta manta yadda ake yinsa.

Kwamiti ya zo ya ga layi ya yaba. Aka ce Dakta ya yi bayani mai gamsarwa a kan yadda zafi ke dunƙule Em. Bayan kwana biyu aka liƙa takarda a jikin tukunyar ruwan zafi, an buga da manyan haruffa, KADA A TAFASA, da sa hannun Dakta a ƙasa.

Ɗakin wanki yana da famfo uku, da burushi masu dogon hannu, da babbar tukunyar tururi da ake dafa kwalabe a ciki don kashe ƙwayoyin cuta. Daga safe zuwa la'asar aikin Anti ke nan, ta wanke, ta ɗauraye, ta jera, ta dafa. Ba kujera. Tana wanke su fes, don ko a nan ba za ta bari a ce hannunta ya tsufa ba. Sau ɗaya ta hau sama kai kwalabe, ta tarar da Dakta a kan kujerarta, ya ɗaga tsayinta har ƙarshe, ya ɓare salatif ɗin ya sa sabo mai launi. Daga ranar ta bar wa masinja kai kaya.

Amma kwalba ba ta ɓoye sirri ga mai wanke ta. A mako na uku ta fara ganin wani farin dusa-dusa manne a gindin bututun da ke saukowa daga sama. Ta ɗaga ɗaya a hasken fitila, ta gane nan take. Em ɗan cikin maiƙo ne, ba ya shiri da tsuran ruwa. In za a tace shi, sai an bar ɗan sabulun gwaji a cikin kowane ruwan da zai ratsa, daga farko har ƙarshe, in ba haka ba ya tattara kansa ya kwanta a ƙasa. Dakta yana sa sabulun a matakin farko, ya ɗauraye da ruwan gishiri zalla, kamar yadda littafi ya ce. Furotin ɗin da ake nema a sama, ita ake aiko wa ta wanke ta zubar a kwata. Ta yi tsaki, ta ce a ranta, banza ba ta kai zomo kasuwa.

Bayan mako biyu, wata Alhamis da hantsi, ta ji takalmi a kan matakala, yana saukowa a hankali. Dakta ya tsaya a bakin ƙofa, tururi na dukan fuskarsa, da bututu ɗaya a hannu. Ya dubi famfo, ya dubi ƙasa.

"Anti," ya ce. "Yana ɓacewa wajen tacewa. Mako biyu ke nan. Don Allah, me nake yi ba daidai ba?"

Ta ci gaba da cuɗa kwalbar da ke hannunta. Tsohuwar amsar ta taso mata har leɓe, da daɗinta da komai. Ta dube shi, da shuɗin sunansa a ƙirji, ta ji har yanzu ba ta ganinsa a bakin komai, kuma ba ta jin za ta taɓa gani. Ta rufe famfo.

"Ba ɓacewa yake ba, ga shi nan a gindin bututunka, kullum ni nake zubar da shi. Ka bar sabulun a cikin kowane ruwa har na ƙarshe. Kada ka cire ko a mataki ɗaya."

Ya zaro biro ya rubuta a tafin hannunsa. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Na gode, Anti."

Ya juya ya hau matakala da sauri, takalmin ya dawo da ƙararsa tun kafin ya kai sama. Ta tsaya hannunta na ɗigar kumfa, ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Duka maganar ba ta kai minti ɗaya ba. Daga can sama ta ji an ja kujera mai juyawa zuwa jikin taga. Tukunyar tururi ta yi kuka alamar ta gama, Anti ta ɗauki tsumma ta je ta buɗe.